Rikiɗar Dodo a Tatsuniya: Muhawarar Yara da Matsayin Malami

1.0 Gabatarwa

A ƙauyukan arewacin Jihar Kano, kamar na ƙasar Ɗambatta da Makoɗa da Bichi da Minjibir, inda gonaki suke manne da gidaje, hirar dare takan yi armashi da kaka bayan an kai amfanin gona gida. Idan an ƙare tatsuniyar da Dodo ya kwaikwayi siffa ko muryar mutum, yara sukan ɓarke da gardama a kan yadda ya yi hakan. Manya da dama suna ɗaukar wannan gardama a matsayin shirme. Ra'ayin wannan muƙala shi ne, gardamar ita ce matakin farko na nazarin adabi, kuma malamin da ya kashe ta ya yi asarar darasi.

2.0 Ra'ayoyi Uku

Ra'ayi na farko shi ne na gyaran gaɓa. Hujjarsa ita ce tatsuniyar uwar da take ɓoye 'yarta a ɗaki, ba a buɗe ƙofa sai ta rera wata waƙa. Dodo, ko Kura a wasu wurare, ya koyi waƙar amma kaurin muryarsa ya tona shi, sai ya je wurin maƙeri aka gyara masa harshe. A nan kwaikwayo sana'a ce mai buƙatar saurare da wahala. Irin wannan dabara ta zo a tatsuniyar Jamusawa da 'yan'uwan nan Grimm suka buga a 1812, inda kyarkeci ya ci alli don muryarsa ta yi laushi.

Ra'ayi na biyu shi ne na aro. Masu shi suna kafa hujja da labarin budurwar da ta rantse ba za ta auri mai tabo ba. A wasu ƙauyuka akan ce ango ya ari gaɓoɓi da tufafi ne a hanya, yana kuma mayar da su ɗaya bayan ɗaya a lokacin da yake tafiya da amarya. Wato siffar tasa kayan aro ce, shi kuwa kayan aro ba ya ado.

Ra'ayi na uku shi ne na rufa-ido. Masu shi suna cewa jikin Dodo yana nan yadda yake, idon mai kallo ne ya ruɗe, domin kwaɗayi ya rufe shi. Shi ya sa ƙanwar budurwar, wadda ba ta da buri a kan angon, takan riga kowa shan jinin jikinta.

3.0 Auna Ra'ayoyin

Kowane ra'ayi yana da inda yake tuntuɓe. Na farko ya warware batun murya, ya bar batun siffa. Na biyu bai dace da inda aka ce maciji ne ya rikiɗa gaba ɗaya ba. Na uku kuwa ya kasa bayyana dalilin zuwa maƙera, domin mai iya rufe ido ba ya buƙatar guduma da uwar maƙera. Sai dai dukkansu sun haɗu a kan cewa kwaikwayon ba ya cika. A ƙasar da kowane yaro yake tasowa da fartanya da lauje a hannu, yana taka ƙaya a gona, saurayin da babu tabo ko ɗaya a jikinsa ya riga ya fallasa kansa. Abin da budurwar ta ɗauka kamala, shi ne shaidar cewa mijin ba ɗan'adam ba ne. Ɗalibin da ya gano haka da kansa ya kama jigon tatsuniyar.

4.0 Suka da Amsa

Wasu malamai suna cewa tun da akan rufe tatsuniya da ƙurunƙus, an riga an yarda ƙarya ce, don haka neman dalili a cikinta ɓata lokaci ne. Amsa ita ce, ƙagaggen labari ma yana da dokokinsa, kuma gano su shi ne aikin manazarci. Wasu kuma suna tsoron raya camfi. Amma yaron da ya saba tambayar yadda abu ya faru ya fi wuyar ruɗuwa, kuma daga nan malami zai iya jan sa zuwa kimiyya, ya nuna masa cewa hawainiya tana sauya launi ne ta wasu ƙwayoyin halitta da ke fatarta. Ko masoya wasan Pokémon, wanda ya fito a Japan a 1996, haka suke muhawara a kan halittar nan Ditto mai kwaikwayon siffar abokin karawarta.

5.0 Kammalawa

Kayan aiki ba su yi ƙaranci ba. Akwai tarin tatsuniyoyin da Frank Edgar ya buga tsakanin 1911 da 1913, da jerin Tatsuniyoyi da Wasanni na Ibrahim Yaro Yahaya, ga kuma tsofaffin da ke cikin gari. Ya kamata ɗalibin da ya fita koyarwar gwaji ya sa yara su kawo yadda ake faɗin labarin a gidajensu, ya raba su rukuni uku, ya gindaya sharaɗi guda: duk wanda ya kawo ra'ayi, ya nuna wurin da tatsuniyar ta goyi bayansa.