"Mai Inganci" Ba Bayani Ba Ne: Mu Auna Kuben Fim



Akwai kalmar da ta zame mana mafaka: "inganci". Duk wanda ya tashi rubutu kan kayan aiki, daga keken ɗinki har kyamara, sai ya ce "mai kyau ne, mai inganci ne", shi ke nan ya gama. Mu kam mun ce wannan lalaci ne, kuma cutar mai karatu ne, domin shi zai zaro kuɗinsa ya saya bisa maganarmu. Bari mu gwada da abu ɗaya.

Kun san tsohuwar kyamarar nan mai ƙafa uku, wadda mai hoto ke lulluɓe kansa da baƙin ƙyalle. Da irinta Seydou Keïta ya yi suna a Bamako, fim ɗinsa santimita 13 a 18. Ba fim na naɗi take ci ba, falle-falle ake ba ta. Fallen yana shiga wani siririn akwati mai fuska biyu, kowace fuska falle ɗaya da marfin da ake zarewa. Mu kira shi kube. Masu yabon kyamarar nan sai su kwana kan idonta da ƙyallin katakonta, kuben kuwa ko oho.

Alhali a nan gizo ke saƙa. Mai hoto yana saiti ne a kan gilashin bayan kyamara har hoto ya fito tar. Sannan ya zura kube, gilashin ya ja baya, fim ya maye gurbinsa. In fim bai tsaya daidai inda gilashin ya tsaya ba, saitin ya tashi a banza, ko da miliyan aka sayi idon kyamarar. Shi ya sa ƙa'idar Amurka ta 1951 ta yanke zurfin: a kube mai inci 4 a 5, inci 0.197 ne, wato milimita 5, kuma kuskuren da aka yafe bai wuce inci 0.007 ba. Bai kai kaurin takarda biyu ba fa! Mai 5 a 7 zurfinsa 0.228, mai 8 a 10 kuma 0.260. Wannan shi ne ingancin da muke ta faɗa da baki.

Ga wani tarkon. Kube mai inci 4 a 5 da ɗan uwansa na Turai mai santimita 9 a 12 girmansu ɗaya ne daga waje, duk suna shiga kyamara ɗaya, amma cikinsu daban. Marubucin da bai faɗi wannan ba ya sa mutum ya sayi kuben da fim ɗinsa ba zai shiga ba.

Sai masu gardamar katako da roba. Wasu na rantsuwa da tsofaffin Graflex na katako, wai kayan da sun fi ƙarko. Wasu sai Fidelity, Lisco ko Toyo. Duk ba mu yarda ba. Katakon da ya sha laimar damina ya sha bushewar hunturu yana iya karkacewa. Roba in ta faɗi tana tsagewa. Ƙyallen da ke tare haske a bakin marfi yana cinyewa, haske ya kutsa ya ƙone gefen hoto. Suna ba ya hana ko ɗaya. A ɗora kube kan gilashi a ga ko yana rawa, a auna zurfinsa.

Za a ce mai karatun Hausa ba ya son lambobi. Wa ya faɗa? Wanda ke tsare tela sai an auna masa wuya da hannu, wanda ba ya sayen fili sai an ja igiya? Mu ne dai ke ƙyashin bincike, muna laƙaba masa.

Saboda haka duk wanda zai kawo mana rubutu kan kayan aiki makon gobe, ya zo da awonsa: tsawo, faɗi, kauri, da inda abin ke fara lalacewa. In ya rubuta "mai inganci", za mu tambaye shi milimita nawa.