Ƙugiyar Haruffanmu a Cikin Kwamfuta

Zancenmu na wannan wata a kan yadda kwamfuta ke ƙunshe bayani ne kafin ta ajiye shi ko ta aika wa wata na'ura. Masu tsara harsunan kwamfuta su ke yanke yadda za a yi wannan ƙunshi, kuma abin da suka yanke yakan shafi sunayen 'ya'yanmu a rajistar makaranta.

Tsohon tsarin ASCII na 1963 gurbi 128 kacal gare shi, babu ɓ, babu ɗ, babu ƙ. In an ƙunshe suna da shi, sai Ɗanladi ya dawo ?anladi, ko a yar da ƙugiya baƙi ya zama baki. Da Unicode ya fito a 1991, sai kowane harafi ya sami lambarsa. A 2008 harshen Python ya shigar da tsarin ƙunshi na JSON cikin kayan aikinsa na asali. In ba a umarce shi da wani abu ba, yakan rubuta ƙ da lamba, wato \u0199, amma da an buɗe ƙunshin sai ƙ ya dawo lafiya lau.

Maƙwabtanmu masu jin Twi da Ewe a nan Anloga su ma suna da ɛ da ɔ, damuwarmu ɗaya ce. Saboda haka yaranmu masu karatun kwamfuta a KNUST, duk manhajar da kuka rubuta, ku gwada ta da ƙ tukuna kafin ku miƙa ta.

Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.