Wa ya kamata ya hau jirgin?

In aka tashi maganar jami'a a ƙasar nan, malamai ake nufi: albashinsu, yajin aikinsu, bincikensu. Da wuya ka ji an ambaci mutumin da ke ofishin magatakarda yana tattara sakamakon jarrabawa, ko matar da ke sashen kuɗi tana daidaita rasit da sunan ɗalibi. Amma manomin Makera ko ɗan kasuwar Kurfi da ya sayar da buhunan gero ya tura ɗansa Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, duk abin da zai kawo shi makarantar da kansa, a tagar waɗannan ma'aikata zai tsaya. Su ke da takardar shiga da ta ɗakin kwana, su ke aika suna zuwa hukumar bautar ƙasa, kuma tun da aka buɗe rancen ɗalibai na NELFUND a 2024, sai sun tura bayanan yaro daidai kafin a ba shi ko kwabo.

Saboda haka ina cikin masu ganin ya dace a kashe kuɗi a ƙara musu sani, har da tura su ƙasashen waje. Jami'ar Dutsin-Ma a 2011 aka kafa ta, cikin sababbin jami'o'i tara na zamanin Goodluck Jonathan. Ahmadu Bello ta Zariya kuwa tun 1962 take tara tsari, ma'aikaci na gadon ma'aikaci. Sabuwar jami'a ba ta da wannan gadon, dole ta je ta gani a wurin wasu.

Hanyar kuɗin ma akwai. Asusun TETFund, wanda ke samun kuɗinsa daga harajin ribar kamfanoni, harajin da aka ɗaga zuwa kashi 3 cikin ɗari a 2023, yana da kason halartar taruka, kuma ma'aikatan da ba sa koyarwa suna da rabo a ciki. A waje akwai Ƙungiyar Jami'o'in Afirka mai hedikwata a Accra, da ta jami'o'in ƙasashen rainon Ingila wadda ta wanzu tun 1913, da hukumar DAAD ta Jamus da ke horar da masu tafiyar da jami'o'i daga ƙasashe masu tasowa.

Inda nake da ja shi ne wanda ake turawa. A jami'o'inmu da yawa tafiyar waje ta koma tukuici. Mai girman muƙami ne ke tafiya, wani lokacin saura masa shekara ɗaya ya yi ritaya. Ya zauna a zauren otal kwana huɗu, ya karɓi takardar shaida da kuɗin guzuri da dala, ya dawo da tsarabar turare. Wanda fayil ke hannunsa kullum, wanda ya san inda aiki ke cijewa, yana nan a kujerarsa, kuma ba wanda zai tara su ya ce ga abin da aka gano. An kai likita asibiti ke nan, an bar majinyaci a gida.

Wannan almubazzaranci a da ana iya kau da kai a kansa. Yanzu ba hali. Kafin watan Yunin 2023 dala a farashin gwamnati ba ta kai naira 500 ba. A 2024 ta haura 1,500. Kuɗin da a da zai kai mutum uku London yanzu da ƙyar ya kai ɗaya. Gwamnatin Tinubu da kanta ta dakatar da tafiye-tafiyen jami'anta zuwa ƙasashen waje da kuɗin hukuma na wata uku daga Afrilun 2024, kuma TETFund ta tsayar da sabon tallafin karatun malamai a waje daga farkon 2025, saboda tsada da kuma waɗanda ke tafiya su ƙi dawowa. Idan ƙofar malamai ta ƙuntata haka, ma'aikacin ofis da ke neman tikiti dole ya zo da hujja mai ƙarfi.

Hujjar ita ce matsala takamaimai. Kada a ce za a je "ƙaro ilimin gudanarwa", wannan kalami ne da ke haɗiye kuɗi ba a ga komai ba. A ce: takardar cikakken sakamako tana ɗaukar watanni, muna so ta koma mako biyu, ga jami'ar da ta yi haka, ga ma'aikacinmu da zai zauna a ofishinsu wata guda ya ga yadda suke yi. Kuma a zaɓi mai sauran shekaru a aiki, ya sa hannu cewa in ya dawo zai koyar da abokan aikinsa, har da na Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita da ke gari ɗaya da Jami'ar Dutsin-Ma. Bayan shekara majalisar gudanarwa ta tambaya: makon biyun ya samu?

Sannan ba kowace matsala ce maganinta ke Turai ba. Jami'ar da ba a taɓa ɗauke mata wuta ba, me za ta koya wa wanda intanet ke yanke masa yana tsakiyar loda sunaye? Accra da Nairobi sun fi kusa da halinmu, tikitinsu ma ya fi sauƙi. Wani abin kuwa ko fasfo ba ya buƙata. Bayan sace ɗalibai mata biyar na Jami'ar Dutsin-Ma a Oktoban 2023 daga gidan da suke haya a cikin gari, babban abin da ke gaban sashen kula da ɗalibai shi ne sanin wa ke kwana ina, da yadda za a kai ga kowa cikin dare. Wanda zai koyar da wannan yana Maiduguri, inda jami'a ta ci gaba da karatu a tsakiyar rikicin Boko Haram, kuma mota ce ke kai mutum can.