Shirin Zaune Ya Fi Na Tsaye

Ɗalibai da yawa suna zaton rubuta wasan kwaikwayo na ban dariya abu ne mai sauƙi. A ganinsu, da zarar an tara maganganun raha an jera, wasa ya samu. Ni ban yarda da wannan ba. Na sha ganin ɗalibai sun hau dandamali ranar bikin makaranta, suna ta tsalle-tsalle da ihu, amma 'yan kallo sun yi tsit. Ba ƙarancin basira ne ya jawo musu wannan kunya ba, rashin shiri ne.

Saboda haka, ya ku ɗalibai, kafin ku ɗauki alƙalami ku amsa tambayoyi uku.

Ta farko, mene ne jigon wasan? Ku dubi wasannin tashe da yara ke yi a ƙasar Hausa cikin watan azumi. Ana dariya, amma kowane wasa yana da halin da yake suka, kamar rowa ko lalaci ko son banza. Ku ma ku zaɓi hali guda ɗaya.

Ta biyu, wane ne tauraron, kuma me yake nema? A ce marowaci ne ya sayo tsire, yana son ya ci shi kaɗai, sai ga surukinsa ya yi sallama. Tun daga nan dariya ta sami tushe.

Ta uku, yaya matsalar za ta girma, kuma ina za ta ƙare? Ku tsara fitowa-fitowa. A fitowa ta ɗaya ya ɓoye tsiren cikin hula. A ta biyu baƙon ya ƙi tafiya, mai kuma ya fara gangarowa kan goshinsa. A ta uku aka ce ya cire hula ya yi alwala, asiri ya tonu.

Wani zai ce, ai gwanayen 'yan wasa nan take suke ƙago magana. Gaskiya ne. Amma ku tuna da Usman Baba Pategi, Banufen da ya shahara da sunan Samanja a gidajen rediyo da talabijin na Kaduna. Tsohon soja ne, ya san halin bariki da irin Hausar da ake yi a can. Wannan sani shi ne shirinsa.

Shiri kuma yana hana ɓacin rai. Wasan barkwanci tsakanin Fulani da Barebari, ko Yarbawa da Gobirawa, tsohuwar al'ada ce mai ƙa'ida. Ajinku kuwa ya tara ƙabilu da addinai daban-daban. Idan kun zauna kun duba abin da kuka tsara, za ku gane maganar da za ta muzanta wani, ku cire ta tun kafin ta fita baki. Ku yi wa mugun hali dariya, kada ku yi wa asalin mutum.