Sanarwar Bayan Taron Zuriya Kan Rasuwar Baba da Makomar Kundin Salsala

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai.

Ƙungiyar zumunta ta zuriyarmu ta yi zama na musamman a zauren gidan kakanni da ke cikin birnin Zariya, washegarin addu'ar arba'in ta dattijonmu, Baba, tsohon saje a rundunar sojan Najeriya. Wakilai sun zo daga Kaduna da Kano da Jos da Abuja, 'yan'uwanmu na Kumasi kuma sun bi zaman ta waya. An buɗe da addu'a, Allah Ya jiƙansa, Ya sa Aljanna ce makomarsa.

Baba ya shiga soja a 1967, shekarar da yaƙin basasa ya ɓarke. A nan Zariya aka horar da shi, a barikin horar da kurata, ya tafi fagen daga, ya dawo da rai bayan an ajiye makamai a Janairun 1970. Bai cika ba da labarin yaƙi ba, mu ma ba za mu ƙirƙira masa ba. Abin da unguwa ta gani da idonta shi ne mutumin da ke riga kowa fitowa da shebur ranar yashe magudanar ruwa kafin damina, wanda ke tara matasa su share maƙabarta, ya kuma raka matan abokan aikinsa da suka rasu wajen tantance 'yan fansho, sau da yawa da kuɗin motarsa. Duk 15 ga Janairu, ranar tunawa da mazan jiya, sai ya goge takalmi ya fita.

Amma maganar da ta cinye zaman ita ce ta akwatinsa na ƙarfe. Da aka buɗe shi gaban jama'a, sai ga littattafan rubutu irin na 'yan makaranta, cike da sunayen 'yan zuriya, a ɗaure da zare, na farko-farko da ajami, na baya da boko. Sunan mai rai da shuɗin biro yake, wanda ya rasu kuma an ja masa layi da ja a ƙarƙashi. Duk wanda ya taɓa yin suna a gidan nan ya san Baba ba ya tashi bayan an raba goro sai ya tambayi sunan jariri, da na uwarsa, da na mahaifin uwar. Nan ne ya sha bamban da masu lissafin asali da yawa, waɗanda ke bin maza kawai su tsallake mata. Goggonni da kakanni mata da muka taso ba mu san su da komai ba sai laƙabi, shi ya bi tsofaffi ɗaki-ɗaki har ya samo sunayensu na yanka. Ta hanyar littattafan nan muka san reshenmu da ya bi fataucin goro zuwa Gwanja ya zauna, da wanda ya kama hanyar Makka a ƙafa ya yada zango a Maiurno ta ƙasar Sudan, garin da masu hijira suka kafa bayan yaƙin Burmi na 1903.

Abin takaici, gara ta riga ta ci gefen biyu daga cikin tsofaffin littattafan, kuma a cikin matasan da ke zauren kaɗan ne suka iya karanta ajamin. Wannan laifinmu ne baki ɗaya: mun bar wa mutum ɗaya aikin dangi guda.

Saboda haka taron ya amince a ɗauki hoton kowane shafi kafin akwatin ya sake motsawa, a juya na ajami zuwa boko ba tare da an taɓa na asali ba, a kuma ba kowane reshe kwafinsa. Sakatare zai nemi shawarar masana a Arewa House da ke Kaduna kan yadda ake adana tsohuwar takarda. Akwatin zai zauna a hannun babbar 'yar marigayi, don ita ce ta riƙa yi masa rubutu tun da idonsa ya yi rauni.

An ɗan yi ja-in-ja a kan buƙatar wasu 'yan'uwa ta a ƙara wani kaka a saman salsalar, wanda zai haɗa mu da gidan sarauta. Baba ya sha jin wannan magana yana raye, bai rubuta ba, domin ƙa'idarsa ita ce ba ya shigar da suna sai dattawa biyu da ba ɗaki ɗaya suka fito ba sun tabbatar. Taron ya tsaya kan wannan ƙa'ida. Wanda ke da hujja ya kawo, ƙofa a buɗe take. Haka kuma an hana kowa ɗaukar kundin ya mai da shi makamin rigimar gado ko gona. Wannan hurumin malamai ne da alƙalai.

Aikin gayyar magudanar ruwa da na maƙabarta zai ci gaba a ƙarƙashin matasan gida.

Taron ya nuna damuwa kan 'yan'uwanmu na Sudan, waɗanda labarinsu ya yanke mana tun da yaƙi ya ɓarke a can a watan Afrilun 2023. Duk mai wata hanya ta jin halin da suke ciki ya sanar da shugaba.

A ƙarshe, ana roƙon kowane magidanci ya aiko wa sakatare sunayen waɗanda aka haifa da waɗanda suka rasu a gidansa tun lokacin da Baba ya kwanta jinya, tare da sunayen iyayensu mata, kafin Babbar Sallah.

Sa hannun Shugaba da Sakatare, a madadin zuriya.