Me Ya Sa Jarrabawar Baɗi Ba Ta Hana Mu Barci?

Kowace shekara mukan ga abu ɗaya a makarantun sakandare. A farkon aji shida, ɗalibi zai ce jarrabawar WAEC tana da nisa. Sai saura mako biyu, a ga yaro da fitila har tsakar dare, ido ya yi ja. Mu malamai mukan ce lalaci ne. Gaskiya akwai lalaci, amma a ganinmu maganar ta wuce nan, gama ƙwaƙwalwar mutum ba ta auna yau da baɗi da mudu ɗaya.

Masana biyu, Yaacov Trope da Nira Liberman, sun bayyana a shekarar 2003 cewa idan abu yana nesa, mukan yi tunanin amfaninsa a dunƙule, amma idan ya matso, sai mu koma tunanin yadda za a yi shi da wahalar da ke ciki. Shi ya sa a watan Satumba kowa yana so ya zama likita, amma yau da yamma ba mai son buɗe littafin lissafi.

A shekarar 2004 kuma, masu bincike a Jami'ar Princeton ta Amurka suka sa ɗalibai cikin na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa, suka ba su zaɓi: ƙaramar kyauta da wuri, ko babba bayan 'yan makonni. Suka tarar cewa idan kyautar ta yau ce, sassan ƙwaƙwalwa masu kwaɗayin lada sukan tashi da ƙarfi. Idan kuwa mutum ya zaɓi ya jira, sashen gaba, wanda ke bayan goshi, shi ne ya fi aiki. Ashe Bahaushe da ya ce ƙwai a baka ya fi kaza a akurki, halin ƙwaƙwalwa ya faɗa. Kwanon abinci ɗaya ne ya raba Isuwa da matsayinsa na ɗan fari.

Muhimmancin wannan sashe na gaba ya fito fili tun 1848, sa'ad da sandar ƙarfe ta huda kan wani ma'aikacin hanyar jirgin ƙasa a Amurka, mai suna Phineas Gage. Ya rayu, amma likitansa ya rubuta cewa ya koma mai shirya abubuwa yana watsarwa nan da nan. To, wannan sashe shi ne na ƙarshe wajen nuna, ba ya gama girma sai wajen shekara 25. Ɗalibinmu ɗan shekara 16 yana da kwaɗayi cikakke, amma linzamin bai gama ƙwari ba.

Kada wani ya ɗauki wannan ya zama hujjar yin sakaci. A shekarar 2010, Jan Peters da Christian Büchel a birnin Hamburg na Jamus sun gano cewa idan aka tuna wa mutum wani takamaiman abin da zai yi a ranar da kyautar za ta zo, yakan ƙara haƙurin jira. Wato ana iya jawo nesa ta zo kusa.

Saboda haka, ya ku ɗalibai, ku daina cewa "zan yi karatu sosai a bana." Ku ce, "yau bayan cin abincin dare zan yi tambayoyi biyar a shafi kaza." Ku rubuta ranar jarrabawa a bangon littafinku, ku ƙirga makonnin da suka rage. Ku zauna ku zana a zuci ranar da sakamako zai fito: wa zai raka ku, me za ku faɗa wa mahaifiyarku a bakin ƙofa?

Mu malamai da iyaye kuma, faɗa kaɗai ba ya isa. Gaya wa yaro "ka tuna da gobenka" kamar nuna masa dutse ne cikin hazo. Gara mu yawaita ƙananan gwaje-gwaje na mako-mako, mu duba aikin gida a kan lokaci, mu gayyato tsofaffin ɗalibai su zo su ba da labarin yadda suka kai inda suke. Kafin nasu linzamin ya yi ƙwari, mu ne za mu riƙe masu. Ba a fafe gora ranar tafiya.