Izinin Yaƙi: Wa Ya Kamata a Tambaya?

A Yulin 2023, da sojoji suka hamɓarar da Shugaba Bazoum na Nijar, ƙungiyar ECOWAS ta ba su wa'adin kwana bakwai, in sun ƙi a yi musu da ƙarfi. Masana suka shiga musu, wai ko sai Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya amince. A ganina sun kauce hanya. Ashe ba da izinin kwamitin nan aka far wa Libiya a 2011 ba, makaman ƙasar suka malalo Sahel? Wa ya tuntuɓi manomin albasa na Aliero, ko ɗan kasuwar Jega da Maiyama, waɗanda rufe iyakar Kamba kaɗai ya gurgunta musu ciniki? Majalisar Dattawan Nijeriya, wadda ta ƙi yaƙin ran 5 ga Agusta, ita ta ji kukansu.